Layar da Ba Tasa Ba

Litinin, 26 ga Mayu, 2025

Kwana uku. An yi sadaka da safe, mata sun watse bayan la'asar, ɗaki ya koma nawa ni kaɗai.

Lawali. A littafin nan kaɗai nake iya sa sunan. Shekara bakwai da aurenmu ban taɓa kiransa da shi a gaban mutane ba.

Motarsu ta kife tsakanin Zariya da Kano ranar Juma'a da hantsi, yana hanyar dawowa daga cin rani. A can aka rufe shi kafin magariba. Ban ga fuskarsa ba. Duk wadda ta shigo ta ce ya haƙuri, in ce da godiya, ta fita wata ta shigo. Kukan ma bai zo sosai ba tukuna.

Laraba, 28 ga Mayu

Yahaya ya kawo kayan Lawali. Tare suke aiki a kasuwar kayan mota a Legas, suna sauke kwantenonin da ke zuwa daga Japan cike da motocin da aka yanka rabi don inji da kayan gyara. Shi Yahaya ya taso tun Talata tare da sauran 'yan Matameye, ya tsaya sayayya a Kano, shi aka kira ya je ya shaida gawa.

A ɗakin Inna Baiwa, uwar mijina, aka buɗe jakar, ina zaune a bayanta. Turmin atamfa nata. Takalmi nawa, ya yi mini yawa kamar kullum. Ambulan ɗin takardun Japan da yake tara mini kowace shekara. Sannan Yahaya ya sa hannu a nasa aljihun.

"Inna, wanda ya yi mashi wanka ya ce in ba ki hannu da hannu. A aljihun 'yar cikinshi aka same ta, maƙale da fil."

'Yar jaka ce ta jan ƙyalle, tsawon yatsa, an yi mata aiki da zare ruwan zinari, da farar igiya a ka. Ni na ce ya samo mini ita. Shekara biyu ina damunsa: in ka ga wata 'yar jaka tana reto a madubin mota, ka tsinko mini. Omamori suke ce mata. Laya ce, tasu ta Japanawa, daga wuraren bautarsu suke karɓo ta. Na san haka sarai tun da nake roƙonsa. Aikin zaren nake so in gani da idona, a fim kaɗai na san shi. Ban yi tunanin komai gaba da haka ba.

Inna ta jujjuya ta, ta miƙo mini. "Rubutun sawun kajin nan naki ne. Karanta mani."

Haruffa huɗu. Kallo ɗaya na yi musu: kariya a kan hanya. Shekara da shekaru ina fatan in karanta abu ban duba ƙamus ba, sai yau, sai wannan.

Na ce, "Alamar kamfanin mota ce, Inna. Mariƙin makulli."

Ta ce to. Ta ƙulle ta a gefen zane.

Asabar, 31 ga Mayu

Na buɗe ambulan ɗin. Rasit na shan mai guda shida, tikitin ajiye mota, da wata takarda da wata mata ta rubuta cefane: ƙwai, madara, maganin kaka. Duk daga ɗan akwatin gaban motocin yake tsinto su kafin a kwance. Abokan aikinsa suna yi masa dariya, mutum da gemunsa yana tsince-tsincen bola. Ya ce musu madam ce ke karantawa, ku da ba ku da madam mai karatu sai ku yi ta dariya.

Ina aji shida abin nan ya kama ni. Wata 'yar Japan mai aikin sa-kai ta zo lakwal ɗinmu, makarantar firamare, koya mana wanke hannu. Da ta gama ta rubuta mini sunana da haruffansu a tafin hannu. Kwana biyu ban wanke hannun ba. Daga baya sai fina-finai a waya, musamman tsofaffin nan marasa launi, inda mutane ke tuɓe takalmi a bakin ƙofa, su zauna a tabarma, su durƙusa gaban manya, a yi ta shiru. Na ce wa Lawali, waɗannan ai Hausawa ne, tuwo kawai suka rasa. Yanzu na iya haruffa wajen ɗari uku. Na san tashoshin jirgin ƙasa daga Tokiyo zuwa Osaka a jere, ni da ban taɓa wuce Damagaram ba. Taswirar na nan a bango, sama da gado.

Madam Japan yake kirana. Ya ce in Allah ya hore sai mun je mun ga furen nan da ke zuba daga bishiya, shi aikinsa ya riƙa tsince mini takardu a titi. Na ce babu, titinsu tas yake. Ya ce to shi me zai je yi.

Talata, 3 ga Yuni

Inna na da tambaya guda, duk wanda ya shigo sai ta yi masa: me ya tsayar da shi? 'Yan Talata duk sun iso lafiya. Me ya sa shi kaɗai ya kai Alhamis? Yahaya ya ce shi dai ya ce masa yana da ɗan uzuri.

Ni na sani. Yana cikin wayata, wokal, saƙon murya na minti ɗaya da daƙiƙa goma sha biyu da ya turo mini ranar Litinin, ana gobe za su taso. A ciki ya ce mai kaya ya nuna masa hotunan motocin da ke wata kwantena, ya hango 'yar jakata tana reto a madubi, amma sai Laraba za a buɗe. Don haka ya ɗaga tafiya. Na amsa masa da 'yar fuskar dariyar nan da hannuwa masu tafi. Tafi fa.

Ban sake saurare ba tun ranar Juma'ar. Ban kuma goge ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Kwanakin babbar Sallah. Ƙamshin ragunan maƙwabta ya cika gida. Namu, wanda ya ce a turke masa tun azumi, wani ne ya yanka. Na ci tsoka ɗaya don Inna ta ci.

Talata, 10 ga Yuni

Yau na tuna ranar da na ce sai mun ci shinkafa irin cin Japanawa. Na feƙe tsinken tsire guda huɗu, na dafa shinkafar ta caɓe da gangan. Ya yi ta fama, ƙwaya biyu yake kaiwa baki, uku na zubewa. Can ya ajiye tsinken, ya wanke hannu, ya ce yanzu ya gane dalilin da ya sa duk 'yan fim ɗina sirara ne.

In muna kallo shi ke yi mini fassara ta ƙarya. Tsoho ya yi magana a fim, sai ya ce, "Cewa ya yi wa ya sha mashi fura." In ce ka bari in ji. Kafin rabi ya yi barci da baki buɗe.

Na yi dariya ni kaɗai, sai abin ya juye. Yau kam kukan ya zo.

Alhamis, 12 ga Yuni

Asiri ya tonu, rabinsa.

Baba Ɗahiru, ƙanin mahaifin Lawali, tsohon malamin lakwal, ya zo gaida Inna da hantsi, ya tarar tana jujjuya jar jakar. Ya ɗora wayarsa a kai, irin abin nan da ke fassara rubutu daga hoto. Shekara goma sha biyar ina koyon harshen, waya ta tona ni kafin ƙiftawar ido. Ya karanta da Faransanci, ya mayar wa Inna da Hausa: kariya daga haɗarin hanya, a baya kuma sunan wurin bauta.

Aka kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa, Baba Ɗahiru ya dube ni.

"Madam, kin ce mariƙin makulli ne."

Na dubi ƙasa.

"Bon. Ke kika ce ya kawo maki?"

Inna ta ɗago tana kallona. Abin da na hango a lokacin shi ne tambaya ta gaba, da wadda ke bin ta, har a iso kan Talata da Alhamis. Bakina ya ce a'a. Na ji shi da kunnena.

Baba Ɗahiru ya ce daman ya yi wannan tunanin. Tarkacen madam ai cikin ambulan aka same su a jaka. Wannan ita kaɗai aka samu a ƙirjinsa, layar tafiya, ranar tafiya. "Legas ke nan. Yaro ya tafi da sallarshi ya komo da wani abu." Inna ta sunkuya. Ta sa hannu biyu ta dafe tabarma.

A ƙirji ya sa ta don kada ta ɓace ko ta yi datti. Haka yake yi da duk abin da yake ji da shi, har katin shaidarsa. Na san haka, ban faɗa ba.

Juma'a, 13 ga Yuni

Malam Mahaman, limamin unguwarmu, ya farke ta da reza. Ɗan siririn katako ne a ciki, naɗe da takarda. Ya ce wannan ba ayar Allah ba ce, a ƙone. Inna ta tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa: wanda ya cika da irin wannan a jikinsa, addu'a na isa gare shi? Malam ya ajiye rezar. Ya ce Allah kaɗai ya san abin da ke zuciyar bawa, a yi ta nema masa gafara. Gaskiya ya faɗa, amma ba ita Inna ta so ji ba.

A murhu aka jefa. Ta bayan labule na kalla. Zaren ya daɗe bai ci ba. Su ma Japanawan ƙone ta suke yi in ta shekara, na taɓa karantawa. Ba wanda zan gaya wa wannan.

Laraba, 18 ga Yuni

An yi ruwan shuka. Gonarsa ta hanyar Tsauni, Baba Ɗahiru zai sa a shuka. Na tsaya a bakin taga har ƙasa ta daina ƙamshi.

Asabar, 21 ga Yuni

Magana ta fita. Ƙanwata Rahama ta zo daga Yauri, ta ce har can ta kai: wai Lawali ya tsaya kwana biyu a Legas wajen boka ya karɓo laya, layar ce ma ta ci shi. Wata a bakin famfo ta ce daman ta lura tun bara ya rage zuwa jam'i. Ƙarya! Mutumin da ke tashina da asuba yana jan babban yatsan ƙafata.

Na zazzaga wa Rahama masifa kamar ita ta ƙirƙiro. Ta ce, "Yaya, ni me na yi?" Ba ta yi komai ba. Wadda ta yi tana zaune a gabanta da carbi a hannu.

Talata, 24 ga Yuni

Na cire taswirar daga bango. Gwangwanin da nake tara takardun na tura can ƙarƙashin gado, fina-finan na goge, littattafan haruffa na ɗaure da tsumma. 'Yan rukuninmu na masu koyo a waya, mu goma sha ɗaya daga Yamai har Dakar, sun yi ta tambaya ina na shiga. Na fita daga rukunin ban ce musu komai ba. Na gaya wa kaina kalma ɗaya ta harshen nan ba za ta ƙara fita daga bakina ba.

Ban ji sauƙin komai ba. Inda taswirar take ya fi sauran bangon fari, duk inda na juya shi nake gani.

Alhamis, 26 ga Yuni

Inna ta daina cin tuwo. Kunu take kurɓa, shi ma sai an tsaya a kanta. Daga asuba har rana ta take tana kan darduma tana istigfari, ba don kanta ba. Ta daina tambayar me ya tsayar da shi. A ganinta ta samu amsa.

Matar nan, shekara bakwai ban haihu ba, ko gugar zana ba ta taɓa yi mini ba. In dangi suka fara, ita ke cewa ku bar mani ɗiyata. In ina bitar haruffa a tsakar gida ita ke kore mini kaji, tana cewa ku matsa, kun riga kun yi mata rubutun, ku bari ta karanta. Yau na kai mata kunu ta ce Allah ya yi maki albarka. Na fito na shige banɗaki na toshe baki da zane don kada ta ji.

Laraba, 2 ga Yuli

Arba'in. An yi waina da gumba. Mutane ba su kai na ranar uku ba. Ko noma ne, ko maganar ce, ban sani ba.

Da aka shafa fatiha wata tsohuwa ta ce wa Inna, "Allah ya sa Aljanna ce makoma." Inna ta buɗe baki, ta rufe. Amin ɗin bai fito ba. Ina kusa da ita, na gani.

Lahadi, 6 ga Yuli

Na gwada. Bayan azahar na same ta ita kaɗai a inuwar dogon yaro. Na ce, Inna, ƙarya na yi wa Baba Ɗahiru. Ni na ce ya kawo mini. Tsarabata ce.

Sai ta shafa kaina.

"Da farko kin ce makulli, don ki rufa mashi asiri. Yau kin ce taki ce, don ki ɗauke mashi. Na gode, ɗiyata. Amma wannan ba a ɗauke ma mutum."

Na rantse. Ta ce kada in ƙara, ina cikin takaba ina rantsuwa a kan abin da ba haka ba. Ƙarya biyu na yi mata ta karɓa, na kawo gaskiya ta ƙi. Wayar na ɗaki ƙarƙashin matashi, taku goma daga inda nake. Ban tashi ba.

Litinin, 7 ga Yuli

Matsoraciya. Ba ni da wani suna yau.

Juma'a, 11 ga Yuli

In na kunna mata, ɗanta ya dawo mata da tsarkinsa, ni kuma na rasa ta. Kowa zai ce kwana ne ya ƙare. Ni ma na sani, ajali ba ruwansa da Talata ko Alhamis. Amma abin da kai ya sani daban, kallon da uwa za ta yi wa wadda ta tsayar mata da ɗa saboda ƙyalle daban. Ita kaɗai ta rage mini a gidan nan. Ina son matar nan, ban taɓa gaya mata ba.

Kuma a cikin wokal ɗin akwai maganar da ba ta kunnen uwa ba. Wannan dai hujja ce nake nema wa kaina, na sani.

Ina wanke-wanke ɗazu na kama kaina ina ƙirga kwanuka da harshen, a zuci. Na ciji leɓe har ya yi jini.

Talata, 15 ga Yuli

Inna ta faɗi a gindin randa da safe. Baba Ɗahiru ya kai ta likita, an yi mata ƙarin ruwa leda biyu, aka dawo da ita da la'asar. Sun ce ba ciwo ba ne, rashin ci ne. Ni takaba ta hana ni bin su, na yini ina zagaya tsakar gida.

Ina shafa mata man zafi a ƙafa ta yi magana. Ba da ni take ba, rufin ɗaki take kallo. "Mutuwar ba ta dame ni ba. In je in duba ban same shi ba, shi ne."

Laraba, 16 ga Yuli

Na kunna mata.

Da hantsi, bayan na share ɗakinta. Ban yi wani bayani ba, don kada bakin nan ya sake cin amanata. Na durƙusa, na ajiye wayar a kan tabarma tsakaninmu, na danna.

Hayaniyar kasuwa, ƙarar guduma, sai muryarsa. "Madam Japan, ranki ya daɗe. Albishirinki. Jakar nan taki da kika hana ni sakat a kanta, na gan ta." Inna ta zabura, ta dubi ƙofa. Ya yi ta zuba: ja ce, da zare mai walƙiya, Laraba za a buɗe, su Yahaya su yi gaba shi sai Alhamis. "Ni dai ban san me za ki yi da layar mutane ba. Ki kalla ki ƙoshi mu jefa a murhu, kafin Inna ta gani ta kore mu daga gida." Ya yi dariya. Sai maganar da ba ta kunnen uwa ba, na sunkuyar da kai. Ya ce a gaida Inna, a ce mata atamfarta shuɗiya ce. Ya rufe da kalma ɗayan nan ta Japananci da ya iya, yana jan ta kamar mai talla.

Ta ce, "Sake." Na sake. Sau huɗu.

Ta goge fuska da gefen mayafi, ta ce alhamdulillahi. Sannan ta ce, "Allah ya jiƙanka, Lawali." Ɗan farinta ne, ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai yau.

Sai ta juyo gare ni.

"Talata ya kamata ya taso."

"I, Inna."

"Saboda ke ya tsaya."

"I."

"Tun yaushe wannan ke hannunki?"

"Tun kafin ya rasu."

Ta yi ta lanƙwasa yatsu, ban san me take ƙirgawa ba sai da ta faɗa. "Kwana talatin da huɗu ina kwana ina tashi da ɗana cikin wuta, maganin yana ɗakinki." Ba ta ɗaga murya ba. "Ajali na Allah ne, wannan ban riƙe ki ba. Kwana talatin da huɗun nan naki ne. Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi.

Alhamis, 17 ga Yuli

Ta sa an kira Baba Ɗahiru da Malam Mahaman da Yahaya, da mata biyu na unguwa waɗanda bakinsu ba ya rufuwa. Da gangan ta zaɓo su. Ta ce in kunna, duka, ba tsallake. Na kunna, har wajen da ba na kunnen kowa ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Yahaya ya sunkuya yana share ido. Malam ya ce Allahu akbar, mun zalunci bawan Allah da zato, zai faɗa a masallaci. Baba Ɗahiru ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Da zai fita bai dubi inda nake ba.

Kafin la'asar magana ta juya. Yanzu ni ce a bakin famfo. Gara haka.

Inna ta ci tuwo, malmala guda da rabi. Ba daga hannuna ba.

Talata, 22 ga Yuli

Kwana shida ba ta ce mini ci kanki ba. In na gaishe ta ta amsa a taƙaice, ta kau da kai. Rahama ta ce in na fita takaba in tattara in komo gida. Wataƙila.

Amma jiya na ji ta tana ba maƙwabciya labarin yadda ya taɓa faɗawa rijiyar lambu yana yaro, garin satar rake, aka fiddo shi bai saki raken ba. Tana dariya. Na tsaya bayan ƙofa na saurara har ƙarshe.

Lahadi, 27 ga Yuli

Tun Alhamis Inna take zuwa. In ta karya kumallo sai in ji takunta, ta zauna a dokin ƙofata, ba ta shigowa. "Kunna." In kunna. In ya ƙare ta tashi. Wayarta ƙarama ce, ba ta ɗaukar wokal. Baba Ɗahiru ya ce zai samo wata a tura mata a ciki, ta ce a bari.

Yau da ya ƙare ba ta tashi ba.

"Wannan da yake faɗa a ƙarshe, mene ne?"

Na ce gaisuwa ce kawai, Inna.

"Fadila." Karo na farko da ta kira sunana tun ranar. "Kada ki ƙara rage mani magana."

Na gaya mata. Tadaima. Abin da mutum ke faɗa in ya sa ƙafa a gidansu: na dawo. Shi don zumuɗi tun daga Legas ya faɗe ta.

"Ba a amsawa?"

"Ana amsawa."

"To kullum yana faɗa kina zaune kin yi gum. Sake kunnawa."

Na sake. Hayaniya, guduma, dariyar, atamfa shuɗiya. Da ya faɗa, na amsa. Okaeri.

Inna ta dubi wayar, ta ce, "Sannu da hanya."

Ba wai na koma wa harshen ba ne. An ce in amsa, na amsa. Ta zauna har aka kira azahar, ƙafarta ɗaya a cikin ɗaki.